Yadda Muryata Ta Shiga Muhawarar 'Yan Takara

'Yan uwa, ku matso kusa, yau ba ni da ƙarfin doguwar gaisuwa. Abin da ke cikina in ban amayar da shi a nan ba, ban san inda zan kai shi ba, don a gidanmu yanzu ko tari ka yi sai an ce ka shiga siyasa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu, kuma kwalliya nake yi a wani gidan talabijin. Ni nake shafa wa baƙi hoda kafin su shiga gaban kamara, in goge musu gumi idan an tafi talla. Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya. Yaya ya gama jami'a tun ina 'yar sakandare, ya yi yawo da takardu har takalminsa ya buɗe baki, aiki bai samu ba. Daga baya ma ya daina fita. Sai ka ga ƙato da gemunsa yana taya Umma tsince shinkafa, in aka yi sallama ya faɗa ɗaki ya ja labule.

Ana nan wannan bawan Allah ya shigo rayuwata. A ofishin yaƙin neman zaɓen Shugaba mai ci yake aiki, shi ne mai haɗa masa lissafin da yake faɗa a taro. Ya zo hira tasharmu, na shafa masa hoda, ya ce hannuna sanyi, ya nemi lambata. Dogo ne, wankan tarwaɗa, kayansa kullum a goge kamar ba ya zama, ga agogo mai baƙin fata, ga turaren da yake rigan shi shiga ɗaki. Abba ne ya raɗa masa Malam Alƙaluma, saboda ko gaisuwa ba ya gamawa bai ce kashi kaza cikin ɗari ba.

Bai daɗe da fara zuwa ba ya samar wa Yaya aiki a sabuwar masana'antar haɗa fanka da ke bayan gari. Ranar da Yaya ya shigo da shuɗiyar rigar aiki a leda, Umma ta rungume rigar tana kuka. Tun daga ranar, a bakin Umma ba shi da suna sai "ɗan albarka".

Wata ranar hutu ya zo da yamma, muna falo gaba ɗaya. Na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi mai duhu, na kawo shayi a kofunan da Umma ba ta fito da su sai baƙo mai daraja. A talabijin Shugaba yana cewa gwamnatinsa ta samar da aikin yi miliyan biyu. Can kuma aka nuno 'yar takarar adawa, wadda kowa ke ce wa Lauya, tana cewa ko rabin rabinsu ba aikin gaske ba ne.

Abba, tsohon direban bas da ba ya rabuwa da rediyo, ya ajiye kofi.

"Miliyan biyu! Malam Alƙaluma, a wane layin suke? Ni dai layinmu yaran da na sani a gindin bishiya har gobe suna gindin bishiya."

"Abba, ƙa'idar ƙidaya ce," ya amsa a tausashe. "Wanda ya yi aikin ko da awa ɗaya ne a mako, aka biya shi, yana cikin masu aiki."

"Au haka ne? To jiya na taya maƙwabci tura mota ya ba ni lemo. Ka ƙara ni, sun zama miliyan biyu da ɗaya."

Na ƙunshe dariya a mayafi. Umma ta haɗe rai.

"Abbansu, ni ban san miliyan ba. Ɗanka ya samu aiki ko bai samu ba?"

Duk muka juya wajen Yaya, shi kuwa idonsa na cikin kofin shayi kamar akwai abin karantawa a ciki.

Da baƙo ya tafi, Umma ta ritsa ni a kicin ina wanke kofuna.

"Auta, wai jan ajin me kike yi? Yaro ya ce da an gama zaɓe iyayensa za su zo. Ke ko ki sake fuska ba ki iyawa."

"Umma, me ya sa sai an gama zaɓe?"

"Saboda aiki ya yi masa yawa, marar kunya. Mutumin da ya fid da ɗan uwanki daga zaman ɗaki shi za ki tsaya yi wa tambayar 'yan sanda?"

Na ci gaba da wanke kofuna. Amma ku ji abin da ke damuna. Ni nake wankin gidanmu. Rigar aikin Yaya tana dawowa yadda ta fita. Ba maiƙo, ba ƙura, ko warin gumi babu a wuya. Tafin hannunsa laushi kamar nawa. Wayarsa kuwa kullum a mace yake dawowa da ita. In na ce, "Yaya, ya aiki?" sai ya ce, "Da godiya," ya wuce. Mutumin da ya shekara da shekaru yana mafarkin aiki, ya samu, amma ba shi da labari ko guda? Ko sunan abokin aiki bai taɓa kawowa gida ba.

Ban faɗa wa Malam Alƙaluma komai ba, amma wata rana muna waya sai ya ce:

"Gimbiya, kin taɓa kai wa Yaya abinci wurin aiki kuwa?"

"A'a. Me ya sa?"

"Haba, ai ya kamata. Ki je ki ga wurin da idonki, ki ɗauko wa Umma hoto ta ji daɗi. Ke da ko kyanwa kika gani sai kin yi mata bidiyo."

Na yi dariya. Wallahi a lokacin har na ji ya burge ni, na ce wannan ya san darajar dangi.

Ranar da ba ni da aikin safe na zuba shinkafa da miya a kula, na hau mota har ƙarshen layi. Masana'antar gini ne babba, sabon fenti har yana ɗaukar ido, ga ƙaton allo da hoton Shugaba yana yanka zare. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Ba ƙarar inji, ba motar ɗaukar kaya, har kukan tsuntsu nake ji. Maigadi ya ce ba a shiga, amma zai kira min Yaya. Yana juya baya na leƙa ta tsagar ƙofa, na ɗaga waya na fara ɗaukar bidiyo, don in kai wa Umma.

Injuna na nan a jere, amma duk a naɗe cikin ledarsu, yadda aka sauke su. Samari cikin shuɗin kaya sun baje a kan kwalaye, wasu na barci, wasu sun yi da'ira suna kallon ƙwallo a waya. Can gefe na hango Yaya shi kaɗai, ya jingina da bango, ya zuba wa rufi ido. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

"Yaya! Yaya, ni ce!"

Ya zabura, ya fito da sauri, ya ja ni gefen titi.

"Wa ya aiko ki?"

"Abinci na kawo. Yaya, mene ne wannan?"

"Ba a jawo wuta ba tukuna. An ce ana hanya."

"Tun yaushe ake hanyar?"

Ya karɓi kular bai dube ni ba. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Auta, da safe ina wanka in sa kaya in fita, maƙwabta su ce a dawo lafiya. Kin san rabon da a ce min haka? Don Allah kada Umma ta ji."

Na yi masa alkawari. Bidiyon kuwa ban tura wa kowa ba, ban nuna wa kowa ba. Na so in goge, na kasa, ban san dalili ba.

Da dare ya fara yi saƙon Malam Alƙaluma ya shigo.

"Kin je?"

"Na je."

"Ya kika ga wurin?"

Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge. A ƙarshe na tura: "Fentin ya yi kyau."

Ya turo fuskar dariya. Bai ƙara tambaya ba. Ni kuma na kwanta ina juya abin a raina: shin bai san halin da wurin ke ciki ba, ko gwada ni yake yi?

Ana saura kaɗan a yi babbar muhawarar 'yan takara, wadda tasharmu ce za ta ɗauka kai tsaye, sai ga shi da 'yar jaka mai ƙyalli. Sabuwar waya ce, ruwan zuma, irin wadda nake tsayawa kallo a shago. Umma har da tafi.

"Kawo tsohuwar in kwashe miki kayanki a ciki," ya ce. "Ke je ki kawo min ruwa mai sanyi."

Na tsaya riƙe da wayar. Wani abu a ƙirjina ya ce kada ki bayar. Amma Umma na tsaye a kaina tana min wani kallo, sai na miƙa. Da na dawo da ruwan ya gama, har ya sa min hotonsa a fuskar sabuwar.

Washegari wani saƙon:

"Gimbiya, ranar muhawara Yaya zai zo. Na samar masa kujera a sahun gaba. Ki ce ya sa rigar aiki, ki gyara masa fuska da hannunki."

"Me zai yi a can?"

"Kallo kawai."

"Mai kallo ake shafa wa hoda?"

Ya karanta, na ga alamar ya karanta, bai ba ni amsa ba.

Na samu Yaya a ɗakinsa yana tsaye gaban madubi, leɓensa na motsi. Yana ganina ya daina.

"Hadda kake yi?"

"Fita min a ɗaki, Auta."

"Kada ka je, Yaya."

"In ƙi zuwa in ce masa me? Shi ya sa ni a wurin."

Ranar muhawara tasha ta cika maƙil tun da rana. Jami'an tsaro sun bincike jakar kwalliyata har da shinshina hoda. Na yi wa Shugaba kwalliya, idonsa a rufe yana maimaita lissafi. Na yi wa Lauya, ta ce kada in cika mata jan baki. Na yi wa Yaya a tsaye a lungu, goshinsa na ta tsatsafo da gumi, ina gogewa yana dawowa. Malam Alƙaluma kuwa yana ta kai da kawo cikin farin yadi, waya biyu a hannu, yana wucewa ya kashe min ido.

Na tsaya bayan kamara da soso a hannu, inda na saba tsayawa. Aka taɓa tsaro, aka taɓa tsadar abinci, sannan mai gabatarwa ya ce a zo batun aikin yi.

Shugaba ya gyara tsayuwa. Ya ce miliyan biyu, ya ce rashin aiki ya ragu, ya jero kashi-kashi irin na mutumina, har salon muryar iri ɗaya. Lauya ta ce an haɗa da mai aikin awa ɗaya, an haɗa da wanda aka ɗauka na wata uku, an kuma cire duk wanda ya gaji ya daina nema. Suka yi ta sa-in-sa har mai gabatarwa na roƙonsu. Sai Shugaba ya ɗaga hannu.

"Ni ba zan yi musu da takarda ba. Ga mutum nan da ransa. Ɗana, tashi su gan ka."

Kamara ta juya. Yaya ya miƙe cikin shuɗiyar rigarsa. Aka miƙa masa makirufo, ya faɗi haddarsa tsaf: ya yi shekaru a gida, yanzu yana aiki a masana'antar fanka, ya gode. Aka yi tafi. Na san a lokacin Umma na gaban talabijin tana share hawaye.

Lauya ta jira tafin ya lafa, ta dube shi da murmushi.

"Ɗana, barka da samun aiki. Fanka nawa ka haɗa da hannunka?"

Yaya ya nemo ni da ido a cikin duhu har ya same ni.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "ni dai yanzu da safe ina da inda zan je."

Allah sarki Yaya. Na zaci an wuce wurin.

Sai Lauya ta ce a saka abin da ta zo da shi.

Babban allon da ke bayansu ya kawo haske. Tsagar ƙofa. Injuna a leda. Samari a kan kwalaye. Hoton na ɗan rawa. Sannan a cikin lasifikokin ɗakin, a cikin kowane gida na ƙasar nan, aka ji murya ƙarara:

"Yaya! Yaya, ni ce!"

Soson ya faɗi daga hannuna. Mai kamarar da ke kusa da ni ya ɗago kai ya dube ni, don shekara nawa yana jin muryar nan. Manajanmu daga can gefe ya zare tabarau. Ɗaki ya kaure da hayaniya, Shugaba na cewa sharri ne, Lauya na cewa a je a duba. Yaya bai zauna ba, bai kuma motsa ba, yana tsaye da makirufo a hannu kamar an dasa shi.

Ni kuwa mutum ɗaya na nema da ido. Duk mutanen Shugaba sun rikice, wannan na waya, wancan ya dafe kai. Shi kaɗai yana jingine da bango, hannu a aljihu. Fuskarsa ba ta nuna ya ga wani sabon abu ba.

Ana tafiya talla na gudu ɗakin kwalliya. Ban daɗe ba ya turo ƙofa ya shigo, ya mayar ya rufe, ya ajiye wayoyinsa kan teburin madubi.

"Gimbiya..."

"Kada ka ƙara ce min Gimbiya. Wa na ba wayata in ba kai ba?"

Na zaci zai rantse. Wallahi da ya rantse, wataƙila da na yarda, don zuciyata na neman abin kamawa. Sai ya ja kujera ya zauna.

"Shugaban nan faɗuwa zai yi. Ni nake ganin lissafin gaskiya, ba wanda ake karantawa ba. Kina so ki auri wanda zai wayi gari ba aiki bayan zaɓe?"

"Shi ya sa ka ce in kai abinci."

"Don mu na yi. An yi min alkawari a can ɓangaren Lauya. Yaya ma zai samu aiki na gaske, mai inji mai motsi."

"Kai ka kawo shi sahun gaba. Kai ka rubuta masa abin da zai faɗa. Ka tsayar da shi a gaban duniya kana sane da abin da za a saka?"

"In ba a gan shi a tsaye ba, bidiyon ba zai yi tasiri ba."

Ya faɗe shi a sanyaye, yadda yake yi wa Abba bayanin awa ɗaya a mako. Na dube shi, na rasa tun daga ina lissafin nan ya fara. Daga ranar abinci? Daga ranar da ya kai Yaya masana'antar? Ko tun ranar da ya ce hannuna sanyi, bayan ya san a tashar da za a yi muhawara nake aiki?

"Ka ji muryata a ciki," na ce. "Me ya hana ka cire ta?"

Nan ne kawai ya kawar da kai.

"Dole a samu wanda za a ce shi ya fitar. In mutanen Shugaba suka gano ni ne kafin zaɓe, na kaɗe. Ke kuwa ƙanwa ce da ta ji tausayin yayanta, ba wanda zai taɓa ki. In tasha ta sallame ki, ai dama ba zan bar matata tana shafa wa maza hoda ba. Ki ce ke ce, na ɗan lokaci kawai. Gobe ma in kina so iyayena su zo, ba sai an jira zaɓe ba."

Kun ji fa. Auren da Umma ke roƙo, ga shi an miƙo min, an ɗora shi a kan mutuncin ɗan uwana da aikina.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin in amsa ta buɗe. Yaya ne. Gumi ya wanke hodar da na shafa masa, idonsa ja wur. Bai ko kalli mutumin ba, ni yake kallo.

"Auta, kin yi min alkawari. Ke ce?"

Malam Alƙaluma ya ɗan gyaɗa min kai, a hankali, yadda Yaya ba zai lura ba.

"Muryata ce, Yaya," na ce. "Shigo ka rufe ƙofa. Wannan bawan Allah yana da maganar da zai maimaita a gabanka."

Yaya ya shigo, ya murza makulli, ya zare ya sa a aljihun shuɗiyar rigarsa. Malam Alƙaluma ya bi makullin da ido.

Sai ɗaya daga cikin wayoyinsa ta fara ruri a kan tebur, tana zagaya tsakanin kwalaben hoda. Mu uku muka kalli fuskarta.

Umma ce. Ba ni ta kira ba, ba ta kira Yaya ba. Shi ta fara kira.

Ya miƙa hannu zai ɗauka, na riga shi.